Kalmar da Kawu Roscoe Ya Hana a Faɗa

Goldsboro, Karolina ta Arewa
Lahadi, 2 ga Maris, 1997

Zuwa ga Kawu Roscoe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya yatsun da ke ciwo? Ina fata kana shan maganin hawan jinin kullum, ba sai ranar da Anti Odessa ta tsare ka da ido ba. Ka gaishe ta. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tarin da na yi kwana huɗu, ya kuma tafi. Wata shida ke nan da na kama aikin awon filaye, har yanzu ba a taɓa dawo min da taswira a ce in gyara ba.

Kawu, akwai maganar da ba zan iya yi da Mama ba, kuma ka san waya ba ta yi maka saboda kunnenka, shi ya sa na rubuto. Don Allah kada ƙanwarka ta ji.

Na sayi ƙaramar bindiga. A watan Oktoba an tura ni ni kaɗai in nemo turakun iyaka a wani daji bayan gonar taba, karnuka biyar da ba na kowa ba suka tsare ni a kan motar ofis minti arba'in. Tun daga nan na ƙudurta ba zan ƙara shiga daji hannu sake ba. Na yi komai bisa doka: horo na awa takwas, zanen yatsu, jira na kwana saba'in da ɗaya. Ranar Talata takardar izinin ɗaukarta a ɓoye ta fito.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ina tuƙa kusan mil ɗari da arba'in kowace rana a ƙananan hanyoyi, kuma tun zuwana 'yan sanda sun tsayar da ni sau uku. Sau ɗaya fitilar baya, sau biyu ba su ma faɗi dalili ba. Lokacin ba ni da komai a jikina. Yanzu fa?

Dokar wannan jiha ba irin tamu ta Jojiya ba ce. A nan, da ɗan sanda ya matso ya yi maka magana, wajibi ne ka gaya masa kana da takardar kuma kana ɗauke da bindigar, ko bai tambaya ba. Na karanta sashen sau shida. Amma Cleon, wanda muke fita awo tare wani lokaci, da na gaya masa sai ya ajiye abincinsa ya dube ni.

"Kai, Farfesa," in ji shi, "a jami'ar ba su ba ku madubi ba? Baƙin mutum ya leƙo ta taga ya ce wa ɗan sanda yana da bindiga? To ka bar min takalmanka na aiki a wasiyya, ƙafarmu ɗaya."

Na ce masa doka ce. Ya ce doka a takarda take, shi kuwa ɗan sandan yana tsaye a bakin titi da yatsa a kan kunamar bindigarsa. Dariya yake yi, ni ban yi ba.

Ka yi shekara talatin da ɗaya kana tuƙin babbar mota, ka riƙe irin wannan takarda tun ban zo duniya ba. In faɗa ko in yi shiru? Ka yi amfani da ɗaya daga cikin ambulan ɗin da na bar maka a Kirsimeti, na riga na rubuta adireshi na liƙa kan sarki, sakawa kawai za ka yi.

Ɗanka,
Wendell

*

Dawson, Jojiya
10 ga Maris

Sarkin Awo,

Muna lafiya. Odessa na gaishe ka, ta ce ko kana cin abinci. Yatsu sun kumbura, biro da ƙyar, don haka ba zan ja ba.

Karnuka biyar suka ɗora mai digiri a kan mota! Na yi dariya har Odessa ta leƙo ta ce mene ne, na ce mata tari ne.

Ka ji da kyau. In an tsayar da kai, ka kashe mota. Ka sauke gilashi duka biyu. Takardunka su zauna a marfin kare rana na saman kanka, ba a aljihu ba, ba a akwatin gaban mota ba. Hannu biyu a kan sitiyari, yatsu a buɗe. Kada ka motsa sai an ce.

Ita kuwa kalmar nan, kada ta fito daga bakinka. Ko da wasa. Ko an matsa maka. Ka ji ni ko? In hannun ya saki zan yi maka bayani.

Kawunka,
Roscoe

*

Goldsboro
Lahadi, 16 ga Maris, 1997

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji ciwon yatsun ya tashi, Allah ya sawwaƙe. Ka riƙa sa su a ruwan ɗumi da safe kamar yadda likita ya ce. Ka gaya wa Anti ina cin abinci, ko jiya na dafa wake da shinkafa, ya ɗan kama amma ya ciwu.

Wasiƙarka ta zo ranar Alhamis. Takardu sun koma marfin kare rana tun a ranar. Na gwada a harabar gida, daga sitiyari zuwa marfin inci goma sha huɗu ne, kuma hannun ba ya ɓace wa wanda ke tsaye a taga. Na gode.

Layin ƙarshen ne na kasa wucewa. Ka ce kada kalmar ta fito daga bakina. Na fahimci kana nufin in yi shiru game da bindigar, wato kai da Cleon bakinku ɗaya. Kawu, ban taɓa karya doka da sani ba. Ko littafin ɗakin karatu ban taɓa mayarwa a makare ba. Idan na yi shiru aka gano, laifi ne a kaina, kuma ina tsoron ya shafi takardar, ya kai kunnen maigidana a ofis. Idan kuma na faɗa, ina tsoron abin da ba na ma so in rubuta.

Amma kai ka yi shekarun nan a hanya ka dawo gida kowane lokaci, ni kuwa karatu kawai na yi. Idan shiru kake nufi, zan yi shiru. Idan ba haka ba ne, don Allah ka rubuto da wuri, ko layi ɗaya ne. In ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka na fahimce ka daidai.

Ranar Asabar mai zuwa zan tashi daga ɗakin da nake haya a gidan Misis Gaddy, na samu wuri kusa da ofis. Sabon adireshin yana bayan wannan takarda. Ba a sa min waya ba tukuna.

Ɗanka,
Wendell

*

Dawson
21 ga Maris

Wendell,

Lafiya lau muke. A'a! Ba haka nake nufi ba! Wa ya ce ka yi shiru? In dokar garin ta ce a faɗa, ka faɗa, tun kafin ya buɗe bakinsa sau na biyu. Sunanka yana cikin na'urarsu, in ya gano da kansa ya fi muni.

Kalmar na hana, ba maganar ba. Kada ka ce BINDIGA. Ga abin da za ka ce, ka haddace: "Yallaɓai, ina da takardar izinin ɗauka a ɓoye, kuma yau ina ɗauke. Me kake so in yi?" Shi ke nan. Shi ya san abin da kake nufi. In ya tambayi inda take, ka faɗa da baki, kada ka nuna da hannu.

Shi wannan Cleon ka ce masa ya sayi nasa takalmin.

Na sa a ambulan ɗinka kamar yadda ka ce, ina zuwa gidan waya yanzu.

Roscoe

*

Goldsboro
Lahadi, 6 ga Afrilu, 1997

Kawu,

Ina fata kai da Anti kuna lafiya, kuma kun yi Ista lafiya. Mama ta rubuto ta ce ta gan ka a coci kana gyangyaɗi, don haka na san jikin da sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai nauyina ya ragu da fam shida.

Yau kwana ashirin da ɗaya da na rubuto maka, ban ji komai ba. Ina duba akwatin wasiƙu sau biyu a rana ko da yake sau ɗaya ake kawowa. Kamar yadda na faɗa, na ɗauki shirunka a matsayin amsa. Zan yi shiru.

Ina gwadawa a mota in na tsaya cin abincin rana. Ina kashe injin, in sauke gilashi, in ɗora hannu, in ce "Barka da rana, yallaɓai," sannan in rufe bakina. Rufewar ce ke min wuya. Ji nake kamar na riƙe ruwa a baki.

Ranar Laraba wata motar 'yan sanda ta bi ni mil tara a hanyar gonakin aladu. Ina kan hamsin da huɗu inda aka yarda da hamsin da biyar. Bai kunna fitila ba, a wata mararraba ya kauce. Da na isa wurin aiki sai da na canza riga. Cleon ya ce, "Farfesa, wanka ka yi a mota?" Na ce masa zafi ne, alhali kowa yana sanye da rigar sanyi.

Na yi tunanin barin bindigar a gida, amma wannan makon dajin da ke bayan gonar taba za a sake tura ni, kuma an ce karnukan sun ƙaru.

Ko layi ɗaya, Kawu.

Wendell

*

Goldsboro
Laraba, 9 ga Afrilu, 1997

Kawu,

Ina raye, ban ji ciwo mai yawa ba. Na fara da wannan don kada ka tsallake zuwa ƙasa. Ina fata kuna lafiya.

Jiya Talata, ƙarfe uku da minti arba'in na rana, an tsayar da ni a hanyar dawowa daga dajin. Ni kaɗai ne a a-kori-kurar ofis. Na yi duk abin da ka ce. Na kashe mota, na sauke gilashi biyu, hannu a sitiyari. Ɗan sandan matashi ne, ba zai girme ni da shekara uku ba. Ya ce sandunan awo sun leƙo ta baya babu jan ƙyalle. Gaskiyarsa ne, ƙyallen ya faɗi a hanya. Ya nemi lasisi da takardun mota, na ce suna saman kaina, ya ce in ɗauko. Har ya tambaye ni ko aikin awo da daɗi. Bindigar tana nan a kubenta a ƙuguna ta dama, ƙarƙashin riga, kuma ban ce komai ba.

Ya koma motarsa. Ina kallon agogo. Minti shida. A na bakwai wata mota ta zo ta tsaya a bayan tasa.

Da ya dawo ba mutumin ɗazu ba ne. Bai zo taga ba, ya tsaya baya da kafaɗata inda sai na juya zan gan shi. Na biyun, babba mai furfura, ya zagayo ta ɗaya gefen.

Matashin ya ce, "Mista Tolbert, kana ɗauke da wani abu da ya kamata ka gaya min?"

Kawu, a nan kaina ya kulle. Ka ce ko an matsa min. Doka ta ce in faɗa. Na buɗe baki babu abin da ya fito, ban san daƙiƙa nawa ba, ni da nake ƙirga komai.

"Da kai nake! Tana jikinka ko ba ta jikinka?"

Na ce, "Tana jikina, yallaɓai."

"A ina?"

Ka san aikina nuni ne. Yini nake ina nuna turke, ina nuna iyaka. Hannuna na dama ya bar sitiyari da kansa, bai fi inci biyu ba. Na ji su duka biyun suna ihu lokaci ɗaya, kowa da abin da yake cewa, ɗaya in ɗaga hannu, ɗaya kada in motsa. Da na ɗaga ido bakin bindigar babban yana cikin motar ta tagar da na sauke da hannuna. Na ga ramin. Na ga yana rawa.

Suka fito da ni, suka kwantar da ni rub da ciki a kan tsakuwa. Gwiwar wani a bayana. Motoci uku suka wuce, a ta biyun akwai wata tsohuwa da ta rage gudu ta dube ni, irin kallon da ake yi wa ɓarawo. Suka cire ta daga ƙuguna, suka zare harsasan, suka duba takardar. Komai daidai. Minti ashirin da biyar, sannan suka ɗaga ni, suka ba ni takardar laifin rashin sanarwa. Zan je kotu ranar 6 ga Mayu.

Matashin da zai tafi ya ce, "Da ka gaya min tun farko, da tuni kana gida kana shan shayi mai sanyi. Kun cika jawo wa kanku." Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Babban ya tofar da yawu ya shiga mota.

Haɓata ta fashe, ɗinki uku. Na gaya wa maigidana gaskiya yau da safe, ya ce in huta har Litinin. Cleon ya kawo min dafaffiyar gyaɗa, ya zauna minti goma bai yi wasa ko ɗaya ba.

Ba zarginka nake ba, Kawu. Amma na yi shiru kamar yadda ka ce, kuma saura inci biyu. To da na faɗa fa? Ka gaya min dalilinka, ko zan iya sake riƙe sitiyari.

Wendell

*

Dawson
14 ga Afrilu

Ɗana Wendell,

Muna lafiya, in ban da abin da ka sa a cikinmu. Odessa ce ke rubutawa ina faɗa, don hannuna ba zai iya tsawon wannan ba. Don haka ta sani, uwarka ma ta sani, kada ka tambaye ni yadda aka yi.

Wasiƙarka ta ranar shida ta zo Alhamis. Da na karanta ka ce ba ka ji daga gare ni ba, sai da na riƙe tebur. Na rubuta maka tun 21 ga Maris cewa ba shiru nake nufi ba. A ambulan ɗinka na Kirsimeti na sa, mai adireshin matar nan Gaddy. Ban juya bayan takardarka na ga sabon ba. Nan take na sa Odessa ta kira ofishinku, aka ce mata kana hutu, ka faɗi ka fasa haɓa. Sai Asabar muka san irin faɗuwar.

Laifina ne. Na rubuta rabin magana ga yaron da na san ko alamar tambaya ba ya tsallakewa. Ka je ka karɓo waccan wasiƙar, abin da za ka faɗa yana ciki. Dalilin kuwa ga shi.

Kun taso ana ce muku injin ɓare gyaɗa ne ya kashe min kunnen hagu. Ni na ƙirƙiro wannan, saboda kakarka. Ba injin ba ne.

Watan Agusta na 1971, da rana tsaka, na ɗauko kaya 'yan sanda suka tsayar da ni. Ina da takardata, ina alfahari da ita kamar kai. Ba wanda ya tambaye ni, ni na ga ya kamata in nuna ni mutumin kirki ne. Na ce wa na bakin taga, "Yallaɓai, ina da takardar izinin riƙe bindiga." Shi ya ji duka, har ya gyaɗa kai. Amma akwai na biyu a ɗaya gefen, injin wata mota yana ƙara, bai ji komai ba sai kalmar ƙarshe. Ya ƙwalla ta da ƙarfi, "Bindiga!" Na bakin tagar, wanda ya san abin da na ce, wanda ya gyaɗa min kai, ya firgita da ihun abokinsa ya harba. Harsashin ya wuce ta gefen kaina ya fasa rufin mota. Tun daga ranar kunnen bai sake jin komai ba sai ƙara.

Ba ɗaya kake yi wa magana ba, ɗana, ko da ɗaya kake gani. Kana yi wa wanda bai ji farkon maganar ba. Shi ya sa na ce ka faɗi gaskiya amma ka bar kalmar nan a ciki.

Ba zan yi maka ƙarya in ce wannan zai tsare ka ko yaushe ba. Ban san abin da zai tsare mu ko yaushe ba. Wannan kawai na sani, kuma da kunne na saye shi.

Odessa ta ce ta gaji, kuma tana kuka a kan takardar. Shekara ashirin da biyu muna tare, yau ta fara jin wannan. Ta ce in gaya maka ka sa riga mai kwala ranar kotu.

Kawunka,
Roscoe

*

Goldsboro
Lahadi, 11 ga Mayu, 1997

Kawu,

Ina gaishe ka da Anti. Ina fata yatsun sun yi sauƙi da zafin nan da ya shigo. An cire min ɗinkin, tabon bai kai rabin inci ba. Na yi magana da Mama yau, an sa min waya. Ta yi faɗa minti goma sha takwas, sauran ta yi addu'a.

Na karɓo wasiƙar. Tana bayan agogon bango a falon Misis Gaddy, ta ajiye min ta tafi Ista wurin 'yarta ta manta. Adireshin da rubutun hannuna ne. Don haka ka daina cewa laifinka ne kai kaɗai.

Kotu ta wuce. Na amsa laifina, aka ci ni tara, takardar tana hannuna, aikina ma yana nan. Na kwafe jimlarka na liƙa a marfin kare rana. Kalma goma sha bakwai ce.

Jiya da safe, ƙarfe tara da kwata, na tarar 'yan sanda sun tare hanya suna duba lasisin kowa. Mota takwas a gabana, babu wurin juyawa. Ina ta maimaitawa har layi ya zo kaina. Su biyu ne, ɗaya a tagata, ɗaya yana zagayawa ta bayan motar. Na biyun nake kallo a madubi lokacin da na faɗa. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba, amma ta fito duka, kuma kalmar ba ta ciki.

Ya dubi hannuwana, ya dube ni. Ya ce, "A ina take?" Na ce, "Ƙuguna ta dama, yallaɓai," na ƙanƙame sitiyarin har yatsuna suka yi sanyi. Ya ce, "To ka bar taka inda take, ni ma in bar tawa inda take." Ya duba lasisin ya miƙo min. Na biyun bai ma ɗago kai ba.

Na yi mil biyu na tsaya a gefen wata gonar masara. Minti goma sha ɗaya na yi a wurin. Wannan ya wuce lafiya. Na gaba ban san wane ne ba, ban kuma san abin da zai ji ba, kuma gobe Litinin ina da mil ɗari da arba'in.

Na sa sababbin ambulan guda goma a cikin wannan. Ka ba Anti tsofaffin ta hura wuta da su yau, kada ka bari sai gobe.

Zan zo gida ƙarshen wata. Tun ina yaro Mama ke cewa in zauna ta damanka in ɗaga murya saboda injin gyaɗa, ban taɓa tambaya ba. Ka ajiye min kujerar nan ta dama a baranda. Wannan karon ni zan saurara.

Ɗanka,
Wendell